Yadda na sa wa motar wasa ƙwaƙwalwa ta riƙa kauce wa bango da kanta

Motar da na yi wannan aikin a kanta irin ta yara ce mai rimot, ta roba, mai cin batir huɗu na AA. Rimot ɗin ya daɗe da ɓata, ita kuwa lafiyarta ƙalau, ba inda ta tsage. Abin da nake so shi ne ta daina jiran umarnin kowa: in kunna ta in ajiye a ƙasa, ta kama hanya, in ta hango abu a gabanta ta tsaya ta nemi mafita. Wanda ya ga irin wannan a bidiyo zai zaci duk aikin na rubuta kod ne. Kod ɗin da ya fara motsa tawa bai cika shafi guda ba. Inda gizo ke saƙar shi ne jikin motar kanta, wato wutar da injinanta ke zuƙa, da nauyinta, da yadda aka ƙera sitiyarinta.

Da na kwance sukurorin ƙasa na ɗaga murfin, kayan cikin ba su da yawa. Akwai ƙaramin inji a baya cikin akwatin giya, shi ke juya tayoyin baya. Akwai wani irinsa a gaba, yana tura wata 'yar sanda mai haƙora da ke karkata tayoyin gaba hagu ko dama, da siririn sifirin da ke dawo da su tsakiya da zarar an ɗauke wuta. Sai allon lantarki guda, da makunni, da wayar eriya. Kafin in taɓa komai sai da na ɗauki hoton kowace waya da inda ta nufa, domin launin wayoyin kayan wasa ba ya bin wata ƙa'ida, jar waya ba lallai ta zama ta fozitif ba.

A kan allon akwai ayisi, wato ɗan guntun da'irar lantarki, mai ƙafa 16 da aka rubuta wa RX-2B. Sananne ne a tsofaffin motocin wasa masu aiki da rediyon megahaz 27 ko 49, abokin tafiyarsa TX-2B yana cikin rimot. Aikinsa shi ne ya karɓi saƙo ya ɗaga ɗaya daga ƙafafunsa biyar: gaba, baya, hagu, dama, ko ƙarin gudu. Ƙafafun nan suna zuwa ga wasu tiransistoci da aka jera huɗu-huɗu kewaye da kowane inji, tsarin da ake kira gadar H. In aka buɗe biyu na kusurwa da kusurwa wuta ta ratsa injin ta wannan ɓangare, in aka buɗe sauran biyun ta ratsa ta wancan, injin ya juya da baya. Saboda haka akwai gajeriyar hanya: a yanke ƙafafun ayisin, a jona wayoyin sabuwar ƙwaƙwalwa a gurbinsu, a ci gaba da amfani da gadar da kamfani ya riga ya gina. Mutane da yawa suna yin haka kuma yana yi musu aiki. Ni na ƙi ta saboda dalili biyu. A yawancin irin waɗannan gadoji, in umarnin gaba da na baya suka haɗu lokaci guda ko da na ƙiftawar ido ne, wuta za ta bi ta tiransistocin kai tsaye daga fozitif zuwa nagatif ba tare da ta bi ta injin ba, su ƙone. Ayisin asali ba ya taɓa ba da umarnin biyu tare, amma kod ɗin da ake ta gyarawa ana sake lodawa ba shi da wannan tabbacin. Na biyu, ina son birki na gaske, wanda gadar motar ba a yi ta dominsa ba. Sai na cire allon ɗungurungum, na bar wayoyi biyu-biyu na kowane inji.

Ƙwaƙwalwar da na zaɓa ita ce Arduino Nano, ɗan allon kwamfuta da ake loda wa kod. Shi Arduino a garin Ivrea na Italiya aka fara shi a 2005, don ɗaliban zane da ƙira waɗanda ba injiniyoyi ba ne, kuma har yau wannan sauƙin ne ya sa ake fara koyo da shi. Nano yana ɗauke da maikurokontirola ATmega328P, irin wadda ke kan Uno, mai gudun megahaz 16, da wurin ajiye kod kilobayit 32 da ma'ajiyar aiki kilobayit 2 kacal. Ga wanda ya saba da wayar hannu adadin abin dariya ne, amma ga motar da duk tunaninta bai wuce "akwai abu a gabana ko babu" ba, ya isa har da saura. Abin da ya sa na fifita shi a kan Uno girma ne kawai: milimita 18 a 45, ya zauna daidai a gurbin tsohon allon, murfi ya rufu.

Ƙafar Arduino ba ta iya juya inji da kanta. Miliamfiya 20 aka ba da shawarar a ja daga kowace ƙafa, 40 kuwa shi ne iyakar da in aka haura ta lalace. Na jona injin baya da batir ta cikin mitar gwaji don in ga cinsa. Tayoyi na sama suna juyawa a banza, 'yan ɗaruruwan miliamfiya yake ja. Da na danne tayoyin da hannu na ɗan lokaci, sai awon ya haura amfiya guda. Wannan awon na biyu shi ne abin lura, domin duk lokacin da inji zai tashi daga tsaye, kusan wannan adadin yake fara zuƙa kafin ya ɗauki gudu. Da shi ake zaɓen allon da zai shiga tsakanin ƙwaƙwalwa da inji.

Wanda aka fi gani a hotuna shi ne jan allon nan mai L298N da baƙin ƙarfen sanyaya a tsaye. Yana da ƙarko, sai dai tsohuwar ƙira ce, kuma yana cinye kusan bolt 2 ko fiye a cikinsa, ya mayar da su zafi. A motar da duk wutarta bolt 6 ce, wannan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ga shi da girma. Na ɗauki TB6612FNG na Toshiba, mai gada biyu, kowace tana ɗaukar amfiya 1.2 a kai a kai, da 3.2 na ɗan gajeren lokaci, asararsa kuma kaɗan ce. Kowane inji yana buƙatar waya uku daga Arduino, biyu na zaɓen ɓangaren juyi, ɗaya ta ƙarfin gudu. Akwai kuma ƙafa mai suna STBY wadda dole a ba ta bolt 5, in ba haka ba allon zai yi lamo kamar matacce alhali komai nasa daidai yake.

Batun batir ya ɗan ja ni tunani. Huɗun AA suna ba da bolt 6 suna sababbi, su yi ta sauka, shi kuwa Nano ta ƙafar shigar wuta, VIN, bolt 7 zuwa 12 yake so. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuma ba na inji ba ne ko kaɗan, da an ja shi da ƙarfi sai ya durƙushe. Na koma ga batirin litiyam 18650 guda biyu a jere, bolt 8.4 in sun cika, 7.4 a tsakiyar aiki, tare da ɗan allon kariya da ke yanke wuta in an yi gajeren haɗi ko an zuƙe su fiye da kima. Wannan allon kariyar ba na yarda a tsallake shi, batirin litiyam in ya fusata wuta yake kamawa. Na yanke tsohon gidan batir na faɗaɗa shi, na dasa sabon a ƙasa-ƙasa kusa da tayoyin baya, don nauyin ya danna tayoyin da ke tuƙi.

Na ɗora motar a kan ɗan akwati yadda tayoyinta ba su taɓa komai, na loda kod na gwaji: gaba na sakan biyu, tsayawa, baya na sakan biyu. Ta yi. Na sauke ta ƙasa, sai ta yi ɗan zillo ta tsaya, fitilar Nano ta ƙifta, ta sake zillo ta tsaya, haka dai ba ci gaba. Abin da ke faruwa shi ne, da injin ya fizgi wutar tashi, ƙarfin batir yana faɗuwa na ɗan lokacin da ido ba ya gani, ita kuwa ATmega328P tana da mai gadi a cikinta wanda in wuta ta yi ƙasa da iyaka yake mayar da ita farko. Tana farawa ta sake kunna injin, injin ya sake kayar da ita. A sama ba ta yi haka ba don babu nauyi a tayoyin. Maganin bai shafi kod ba sam. Na raba hanyar wuta tun daga bakin makunni: wayoyi masu kauri zuwa allon injina, wasu daban zuwa ɗan allon rage wuta da na saita a bolt 5 don Nano da sensa, wato na'urar da za ta zama idon motar. Na sa kafasita mai maikurofarad 470 a bakin allon injina ta zama ma'ajiyar da za a ɗiba lokacin fizga. A bakin kowane inji kuma na liƙa 'yar ƙaramar kafasita da dalma, irin wadda ake rubuta wa 104, wato maikurofarad 0.1, saboda tartsatsin da burushin inji ke yi yana watsa hayaniya cikin wayoyi. Na murɗe wayoyin kowane inji biyu-biyu, na nisanta su da na sensa. Nagatif ɗin kowa da kowa kuwa na haɗa shi wuri guda, domin in Arduino da allon injina ba su yi tarayya a nagatif ba, bolt 5 ɗin wannan ba shi da ma'ana a wurin wancan. Tun daga nan ba ta sake farfaɗiyar ba.

Gudu ana sarrafa shi ne da abin da ake kira PWM. Arduino ba ya iya ba da rabin wuta, sai dai ya kunna ya kashe da sauri, kusan sau 490 a sakan a yawancin ƙafafun da ke da wannan baiwar, kuma tsawon lokacin kunnawar shi ke zama ƙarfin da injin ke ji. Ana ba shi lamba daga 0 zuwa 255. Tunda injinan na bolt 6 ne batir kuma yana kai 8.4, na yi lissafi: 6 bisa 8.4 na 255 ya kama wajen 182, sai na kafa 180 a matsayin rufin da kod ba zai haura ba. Ƙasan ma'aunin ne ya fi ba ni mamaki. A ƙananan lambobi motar ba ta motsi ko kaɗan, sai dai injin ya yi ta siririn kuka, saboda ƙarfin bai kai ya rinjayi taurin giya ba. Amma in ta riga ta tashi, tana iya ci gaba da tafiya a lambar da ba za ta iya tashi da ita ba. Sai na sa duk tashi ya fara da bugu mai ƙarfi na kusan milisakan 100, sannan a sauko zuwa gudun da ake so. Da wannan dabarar ta samu tafiyar hankali wadda da rimot ɗinta na asali ba ta taɓa yi ba, don shi abu biyu ya sani, tsaye ko a guje.

Sitiyarin yana da tasa ɗabi'ar. Injin gaba ba ya zagayawa, yana tura tayoyi ne har su daki iyaka, ya tsaya a nan yana dannawa. Ma'ana duk tsawon lokacin da motar ke kwana, injin a maƙale yake yana shan wuta mafi yawa, yana ɗumama. Yaro da rimot yana danna kwana na sakan ɗaya ya saki, kod kuwa ba ya gajiya. Nan ma bugu na yi masa: cikakken ƙarfi na ɗan lokaci har tayoyi su karkata, sai a rage zuwa abin da zai iya riƙe su kada sifirin ya dawo da su. Na gwada neman rabin kwana ta hanyar daidaita ƙarfin injin da na sifirin, abin bai tsaya wuri guda ba, a kan tayil daban, a kan kafet daban, batir ya ɗan sauka kuma daban. Na haƙura na karɓi motar a yadda take: hagu, dama, ko miƙe.

Idonta shi ne sensar HC-SR04 mai auna nisa da sauti, allon nan mai gwangwani biyu a gaba. Ɗaya lasifika ce, ɗaya makirfo. Ana taɓa ƙafar TRIG na maikurosakan 10, sai ta saki ƙara sau takwas a kilohaz 40, sama da abin da kunnen mutum ke ji, ta ɗaga ƙafar ECHO, ba ta sauke ta sai amsa-kuwwa ta dawo. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan a iska mai zafin digiri 20, kuma tafiyar zuwa da dawowa ce, shi ya sa kowane santimita ɗaya na nisa yake cin kusan maikurosakan 58. A raba lokacin da 58, an samu santimita. A takarda tana gani daga santimita 2 zuwa 400, cikin kusurwar da ba ta wuce kusan digiri 15 ba.

Umarnin da ke auna wannan lokacin, pulseIn, yana da wani hali da ya kamata a sani tun wuri. In ba a gaya masa iyaka ba, yana iya jiran har sakan guda, kuma duk tsawon jiran ƙwaƙwalwa ba ta yin komai, motar kuwa tana ta tafiya ido rufe. Na ba shi iyakar maikurosakan 12000, kusan mita biyu ke nan, abin da ya fi haka nisa bai dami motar wasa ba. In lokacin ya ƙare babu amsa, sifili yake dawowa da shi, kuma sifilin nan ba ya nufin bango ya taɓa hanci, yana nufin fili ne fetal. Dole kod ya fassara shi a haka, in ba haka ba motar za ta riƙa ja da baya a tsakiyar ɗaki babu dalili.

Wurin ɗaura sensar ma ya ci lokaci. A kan bamba ta yi ƙasa da yawa, gefen sautin yana dukan daɓe ya dawo, musamman a gaɓar tayil ko bakin kafet, motar ta ga bangon da babu shi. Na ɗaga ta zuwa saman bonet na ɗan kalle ta sama kaɗan, na sa soso a ƙarƙashinta don girgizar giya. Duk da haka, in na buɗe Serial Monitor, tagar kwamfuta da ke nuna abin da Arduino ke aikowa, ina kallon lambobin suna gangarowa, sai in ga 80, 81, 80, sai kwatsam 12, sai kuma 80. Matsakaicin lissafi ba ya maganin wannan, don lamba ɗaya ta banza tana jan sauran ƙasa. Abin da ya yi aiki shi ne a riƙe awo uku na ƙarshe, a jera su, a ɗauki na tsakiya. Ƙarya guda ba ta taɓa zama a tsakiya.

Sai dai komai da farashinsa, kuma a nan ne na fi daɗewa. Ana son a bar kusan milisakan 60 tsakanin awo da awo, don kada amsa-kuwwar baya ta shiga ta gaba. Kafin na tsakiya cikin uku ya yarda cewa akwai bango, sai awo biyu sun faɗi haka, wato milisakan 120. Motar da ke cin mita ɗaya a sakan ta riga ta ci santimita 12 kafin ma a yanke shawarar tsayawa. Bayan an yanke, ɗauke wuta kawai ba ya tsayar da ita, nauyin batir yana ci gaba da tura ta. Shi ya sa da na sa iyakar santimita 20, lambar da ta yi kyau a kan allo, sai ta riƙa ganin bangon sarai kuma ta dake shi. Birkin da na zaɓi TB6612FNG dominsa ya yi rana a nan. In aka ɗaga ƙafafun zaɓen ɓangare duka biyun, allon yana haɗe bakin injin biyu da juna, injin da ke juyawa ya zama janareto mai turjiya da kansa, tayoyi su tsaya kusan cak. A kan tayil mai santsi tana ɗan zamewa duk da haka. A ƙarshe na yi mata iyaka biyu: daga santimita 70 ta rage gudu, a 30 ta taka birki. Lambobin nan ba daga wani littafi suka fito ba, na manna salatif a ƙasa ina auna inda take tsayawa, ina matsar da su. Wata motar mai wani nauyin nata daban ne.

Kod ɗin farko cike yake da umarnin jira, delay: ja baya, jira rabin sakan, kwana, jira. Matsalarsa irin ta pulseIn ce, lokacin jira ba a kallon komai. Na sake rubuta shi yadda motar kullum tana cikin hali ɗaya daga 'yan halaye, tafiya, birki, dubawa, ja da baya, kwana, kuma kowane zagaye kod yana duba agogon millis ya ga ko lokacin barin wannan halin ya yi. Da haka sensa ba ta daina aiki ko a tsakiyar kwana. Kaucewar kanta sai da na tuna yadda direba ke juya mota a ƙuntataccen wuri, don wannan ba irin robot mai taya biyu ba ce da ke juyawa a inda take tsaye. In ana son hancinta ya fuskanci dama, sai ta ja baya da tayoyi a karkace hagu, sannan ta yi gaba da su a karkace dama. In ta fito ta sake samun abu a gabanta nan take, tana ƙara tsawon ja da bayan, don kada ta maƙale a lungu tana kai da komo.

Ɗan ƙanwata, mai motar na asali, yana zaune yana kallon gwajin, sai ya ce, "Kawu, me ya sa take tsoron bango amma ba ta tsoron kujera?" Na ce masa, "Zo ka tsaya a gabanta mu gani." Ta tsaya. Na ce ya miƙo sandar tsintsiya shi ya koma gefe, ta zo ta wuce ta kusa da ita har madubinta ya goga. Abin da ya lura da shi gaskiya ne. Siririyar ƙafar kujera mai zagaye ba ta dawo da sauti mai yawa, kuma in ta kauce daga tsakiyar kusurwar gani kaɗan, shi ke nan. Labule da gefen katifa suna shanye sautin. Bango ma, in motar ta nufo shi a karkace sosai, sautin yana dukansa ya wuce gaba maimakon ya dawo, sensa ta ce fili ne. Ba lalacewa ba ce, haka sauti yake.

Na rage matsalar ta hanyar ɗora sensar a kan ɗan injin servo SG90 mai juya kai zuwa kusurwar da aka ce masa. Tana tafiya yana ɗan waiwaya hagu da dama, in ta tsaya kuma ya leƙa ɓangarorin biyu sosai, ta zaɓi wanda ya fi fili. A nan akwai abin da gara a sani kafin a liƙa waya: kundin umarnin Servo yana karɓe ɗaya daga agogunan cikin ATmega328P, kuma da zarar an kira shi PWM na ƙafa 9 da 10 ya daina aiki. Gudun injinana a ƙafa 3 da 11 na sa shi. Su kuma waɗannan biyun umarnin tone mai fitar da sauti ne ke rikita su, don haka da na so ƙara mata hon sai na sa irin buzar da ke kuka da kanta da an ba ta wuta.

Waiwayen bai kawar da makanta gaba ɗaya ba, kuma a ganina neman sensar da ba ta kuskure ɓata lokaci ne. Ya fi sauƙi motar ta gane cewa ta maƙale. Na manna ɗan maganaɗisu a cikin tayar gaba, na kafa sensar maganaɗisu A3144 a jikin firam kusa da shi. Tayar gaba na zaɓa da gangan, domin ta baya tana iya ta juyawa a wuri guda motar na jingine da kujera, ta gaba kuwa ba ta juyawa sai in motar na tafiya da gaske. A3144 fuska ɗaya ta maganaɗisu take ji, don haka sai an gwada an juya shi kafin a sa gam. Na kai wayarta ƙafa 2, ɗaya daga ƙafafu biyun da ke iya katse kod nan take su ƙirga, na kunna mata razistar ciki da INPUT_PULLUP. Dokar mai sauƙi ce: in an ba injin baya wuta amma sakan guda ya wuce maganaɗisu bai gifta ba, a ɗauka an daki wani abu, a yi birki a juya akalar tafiya. Wannan ya yi maganin labule, da ƙafar kujera, da ja da baya ma, inda ba ta da ido ko ɗaya. Ya kuma kare allon injina daga zama cikin maƙalewa yana zafi. Ƙari a kan haka, tunda faɗin da'irar tayar santimita 5 ne, kowane zagaye kusan santimita 15.7 ke nan, sai ja da baya ya koma ƙirgen zagaye maimakon ƙirgen lokaci, bai damu da ko batir ya cika ko ya yi sanyi ba.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne awon batir. Ƙafar analog ba ta ɗaukar fiye da bolt 5, don haka na jera razista biyu masu kilo'om 10 daga fozitif zuwa nagatif, na ɗauki tsakiyarsu, inda wutar ta rabu biyu. Arduino yana karanta 0 zuwa 1023, cikakken batir yana nuna wajen 859, in ya sauka zuwa bolt 6.4 kuma wajen 655. Ana yin awon ne lokacin da motar ke tsaye, don in injin na ja lambar tana faɗuwa ta ba da labarin ƙarya. In ta kai 655 motar tana tsayawa ta yi hon sau uku, ba ta sake motsi sai an yi caji. Na kuma sa jinkirin sakan uku bayan kunnawa, don a samu damar ajiye ta a janye hannu.

Na ɗaure wayoyi da igiyar roba, na huda murfin inda wuyan servo zai fito da inda kebul ɗin USB zai shiga, yadda ba sai an kwance sukurori ba duk lokacin da za a canja lamba ɗaya a kod. Abin da ya rage mata yanzu shi ne bakin matakala. Sensar gaba fili take gani a wurin, tayar gaba kuma tana juyawa lafiya har ta faɗa. Na sayi sensar TCRT5000 guda biyu masu hasken infrared da zan kafa a ƙarƙashin bamba suna kallon ƙasa, in hasken bai dawo ba a yi birki. Baƙin kafet ma yana shanye wannan hasken, hasken rana kuma yana rikita su, ga shi a gudunta na yanzu tazarar bamba da tayar gaba ba ta isa birki ba, don haka sai na miƙo su gaba a kan ɗan hannu ko in rage mata gudu a saman bene.